Ƙuri'ar da Ta Haye Rafi a Kan Gora

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa na aikin tuƙi, amma ranar da aka aike ni ɗauko kansilan Tungar Maje ba ta taɓa barin raina ba. Ku direbobin yanzu masu ƙorafin mota ba ta da sanyi, ku gyara zama ku ji yadda muka yi namu.

Ƙarshen watan Agusta ne na 1977, damina ta kai tsakiya, ga azumi a baki. Lokacin ina tuƙa Landiroba ta ƙaramar hukumarmu, ƙasar Faskari da Sabuwa duk muna zagaya su. Soja ke mulki, sun ce za su miƙa wa farar hula, amma sai an zaɓi mutanen da za su zauna a Legas su tsara dokar da ƙasa za ta bi. To zaɓen nan ba irin wanda kuka sani ba ne, na kowa ya fito ya yi layi. Kansiloli kaɗai ke jefa ƙuri'a a madadin jama'arsu. Ma'ana, in kansilanku bai samu zuwa ba, ku da ƙauyukanku duka ba ku da baki a ciki.

Da safe Sakatare ya kira ni, ya ce, "Sule, kowa ya iso ban da Alhaji Mamman na Tungar Maje. Da an yi azahar za a rufe akwati. Ko a wuya ne ka saɓo mini shi."

Na ce, "Yallaɓai, an gama." Ni a zatona taɓo ne kawai zai ba ni wuya.

Bari in faɗa maku yadda wurin yake. Tungar Maje tana ƙetaren wani rafi. Da rani mota kan bi ta yashi ta wuce, da damina kuwa sai dai 'yan fito su haye da kai a kan gora. 'Yan fiton nan mutanen Mashaya ne, ƙauyen da ke wannan gaɓa, su kuma ƙasar Kankara suke bi. Tsakanin ƙauyukan biyu akwai wata fadama da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta, waɗannan su ce ta Faskari ce, waɗancan su ce ta Kankara. An je gaban hakimai, an yi rantse-rantse, abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Sai ga jita-jita ta bazu wai wanda aka zaɓa zai kai maganar iyakoki Legas. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah masani, amma mutanen Mashaya sun ɗauka ƙuri'ar Alhaji Mamman wuƙa ce a wuyan fadamarsu.

Na isa bakin rafi na tarar ya cika fal, ruwa ja wur yana tafe da rassan itace. Can ƙetare na hango Alhaji zaune bisa wani dutse, ya sha babbar riga da hula, ya juya mana gefe kamar kallon gero ya fito yi. Nan kuma maza sun taru ƙarƙashin kuka, a tsakiyarsu wani dattijo baƙi siriri yana gyaran igiyar gora. Shi ne Sarkin Fito, Baba Ilu. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ke tafe da ni.

Kafin ya amsa wani ya cafe, "Baba, kada ka fitar da shi. Ka ɗauko shi da hannunka ya je ya sayar da mu?"

Baba Ilu bai ko ɗaga kai ba. Ya ce, "Kai ka gaji fito ko ni? Ubana bai taɓa tambayar mutum inda za shi ba, ni ma ba zan fara ba." Sannan ya dube ni. "Tun hantsi yake zaune can, ɗana. Kira ɗaya zai yi, ya ƙi. Kai zan kai ka. Shi kuwa sai na ji sunana a bakinsa."

A nan aka raɗa mini cewa su biyun taubasai ne. Uwar Baba Ilu ƙanwar uban Alhaji ce, tare suka tashi. Rigimar fadama ce ta shiga tsakani har ko gaisuwa suka daina.

Ni ɗan Daudawa ne, ruwan da na sani bai wuce na kududdufi ba. Na tuɓe, aka sa kayana a masaki, na rungume wani ƙaton gora ina salati, ƙanen Baba Ilu yana iyo yana tura ni. Shi dattijon ya biyo mu da nasa goran. Wallahi ban san lokacin da muka kai ba.

Na gaida Alhaji, na ce rana na tafiya. Ya kalle ni, bai kalli wanda ke tsaye kusa da ni ba, ya ce, "Gaya wa mai goran ga aikin gwamnati za ni."

Baba Ilu ya ce, "Gaya mashi gwamnati ta zo ta goya shi."

"Gaya mashi ni ba roƙo na zo ba."

"Gaya mashi ni ma ba talla nake ba."

Haba! Raina ya ɓaci. Ga sanyi, ga ƙishirwa, ga inuwa tana ta gajarta. Na ce, "Alhaji, ku gafarce ni, ni direba ne, ba tafinta ba. Mutanenka sun ɗora maka wannan kaya, yau kaɗai suke da baki. In ka zauna nan har aka rufe akwati, me za ka ce masu gobe a masallaci?"

Na ɗauka mari zan sha. Alhaji ya dubi ruwa, ya dubi rana. Sai can ƙasa-ƙasa ya ce, "Ilu, fitar da ni."

"Mi ka ce? Kunnen ya tsufa."

"Na ce Ilu, don Allah ka fitar da ni!"

Alhaji mutum ne mai jiki, mai baki kuma, a zauren majalisa ba a ƙure shi. Ganinsa daga shi sai wando, ya ƙanƙame gora, mutanen Mashaya suna kallo daga can, ni kaina na ji masa kunya. Baba Ilu ya ɗaure masa hannuwa da kyau, ya ce, "Ruwa zai riƙa dukan fuskarka. In kana son azuminka, ka rufe wannan baki naka har mu fita."

Muka shiga, gorana yana gefen nasu. Sai da muka kai tsakiya, inda ruwa ya fi ƙarfi, Baba Ilu ya fara magana. Shi ya san yadda yake ɗaga haɓa, ruwa bai shiga bakinsa. Na zaci zancen fadama zai yi. Ina!

"Mamman, yau ka shigo hannu, sai ka ji. Gwaggonka ta kwanta ciwo, kullum sai ta ce a duba mashigi ko kai ne. Ita ta goye ka da uwarka ta rasu. Ni take hana wa fura ta ba ka. Ta cika ba ka zo ba, aka yi uku ba ka zo ba, aka yi bakwai ka aiko ɗan aike. Don ƙasa, Mamman? Ita ma ƙasar tana cikinta yanzu, je ka tambaye ta ta Faskari ce ko ta Kankara."

Alhaji ya buɗe baki zai amsa, ruwa ya watso masa, ya rufe. Ya sake yunƙurawa, ya sake rufewa. Haka ya saurara har ƙarshe, mutumin da bai taɓa barin wani ya kai aya ba. Ni kam tausayi ya kama ni, na su biyun duka.

Da muka taka ƙasa na ruga na tada mota, ina cewa Alhaji a yi sauri. Ko waiwaye bai yi ba. A jiƙe yake, bai ko sa riga ba, ya durƙusa gaban Baba Ilu a cikin laka, a gaban mutanen da suka ce kada a fitar da shi.

"Ilu, ya haƙuri? Ya muka ji da rashi? Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta."

Baba Ilu ya durƙusa shi ma. "Haƙuri sai Ma'aiki. Allah Ya ba da lada." Aka shafa fatiha, har wanda ya yi gardamar nan ya ɗaga hannu. Ni ina cikin mota, ido ɗaya a kan rana, ɗaya ya cika da hawaye. Sai dattijon ya miƙe ya ce, "To tashi ka tafi, ƙaton banza, kada ka ja wa yaron mutane kora."

Gudun da na yi ranar, in Sakatare ya gani da ya karɓe makulli. Mun shiga gari ana kiran salla. Alhaji ya faɗa zauren zaɓe wandonsa na ɗiga, jami'in da aka turo daga Kaduna ya riga ya miƙe tsaye. Ya miƙa masa takarda, Alhaji ya shiga bayan labule, ya fito ya jefa. Wa ya zaɓa, ban tambaya ba, bai faɗa ba.

Sakatare ya tare shi a ƙofa. "Haba Alhaji, ka tsinka mana zuciya. Me ya tsare ka?"

"Ta'aziyya na tsaya yi."

"Ashsha! Wa ya rasu?"

"Gwaggona."

"Allahu akbar. Yaushe?"

Alhaji ya sunkuyar da kai ya ce, "Bara waccan."

Abin da na koya ranar, wanda nake so ku riƙe, shi ne a aikin nan namu mutum ake aika ka ɗauko, ba buhu ba. Yana da girman kansa, yana da 'yan'uwansa, yana da abin da ke cinsa a rai wanda ba ka sani ba. Wani lokaci dole ka gaya masa gaskiya ko da ya girme ka, wani lokaci kuma ka bar mota tana ruri ka jira shi ya gama shafa fatiha. Allah Ya jiƙan dattawan nan biyu, duk sun riga mu gidan gaskiya.