Mangwaron da Ya Ƙi Tashi

In ka ga dama ka yarda, in ba ka ga dama ba ka sha ruwa: ni nan na taɓa kokawa da mangwaro a Dutse, kuma ya ka da ni.

Gidan haya nake lokacin. Mai gidan, wani dattijo da ko ƙusa ka buga a bango sai ya ji ta a ƙirjinsa, ya kafa mana doka: duk abin da ya yi saiwa a ƙasarsa, nasa ne. Na ce haka? Na tattaro tsofaffin wandunan jins, na ɗau basilla na ɗinka tukunya har da hannaye, na cika ta da ƙasa da taki, na dasa mangwaro mai aure da na sayo a Jahun. In mai gidan ya zo wucewa sai in ce, "Baba, shi ma ɗan hayarka ne."

Ranar da zan tashi, mangwaro ya fara 'ya'ya, mai kurkurar da zai kwashe kayana na waje yana ta hon, Baba na tsaye da carbi. Na kama hannayen na ɗaga. Ko gezau. Na sake yunƙurawa har ƙuguna ya yi ƙara. Da na durƙusa na leƙa, sai na ga saiwa ta huda gindin tukunyar, ta nutse a ƙasa kamar turke. In na yanke ta, na kashe shi.

Na ce, "Baba, ai a tukunyata yake."

Ya ja carbi ɗaya, ya ce, "To kwance wandonka ka tafi. Shi ɗan hayar nan ya sabunta zama."