Bayan Hannuna da 'Yar Robar Gwaji

Shekara da shekaru ina da kemis a unguwar Sintali, kuma abin awona ɗaya ne tak: bayan hannuna. In ɗora shi a goshin mutum, in dubi idonsa, in ce maleriya ce, in miƙa magani. Ba wanda ya taɓa yi mini gardama.

Wata damina ma'aikatan lafiya suka tara mu masu kemis. Suka ce gwamnati ita kaɗai ba za ta iya kawar da cutar nan ba, tunda wurinmu mutane suke fara zuwa kafin asibiti. Suka raba mana wata 'yar roba mai tsawon yatsa. A soki mutum, a ɗiga jini a kanta, a jira. Layi biyu maleriya ce, layi ɗaya kada a ba da maganinta. Wallahi na ji haushi, amma abin ya tsaya mini a rai. Ta yaya roba za ta san abin da hannuna bai sani ba?

Sai na shiga gasa da ita a ɓoye. Kafin in soki kowa sai in taɓa goshinsa, in yanke hukunci a zuciyata. Wani lokaci mu zo ɗaya, wani lokaci ta ƙaryata ni, in ce zafin shago ne ya lalata ta.

Wata safiya matata ta shigo da autarmu a goye, jiki zafi rau. Na taɓa. Maleriya ce, ko tantama ban yi ba. Don sabo kawai na gwada ta. Layi ɗaya. Na ɓare sabuwa na sake, yarinya tana ta kuka. Layi ɗaya dai.

"Malam, 'yarka ce fa," in ji uwarta. "Ga maganin nan a bayanka."

Hannuna har ya kai kan kwalin. Tsoro ne ya tsayar da ni, ba wai na yarda da robar ba. Na rufe shago, muka tari mai keke sai asibiti. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce ciwon huhu ne, kuma da mun zauna a gida muna ɗura mata maganin maleriya, da sai dai haƙuri.

Ta warke, yanzu har ta shiga firamare. Amma in na tsaya a bayan kanta, nakan tuna yaran da na taɓa goshinsu duk shekarun nan, waɗanda iyayensu ba su sake dawowa ba. A da ina ɗauka warkewa suka yi.