Kwanso Marar Bille

A shekarun da Gusau ta fara zama babban birnin jiha, faci nake yi a Tudun Wada, a wata rumfar kwano da ke yoyo ta kusurwa ɗaya. Keke da babur, wani lokaci har keken ɗinki in mata sun aiko. Hannuna abu ɗaya ya sani: duk abin da ya yi tsatsa, a bi shi da samfefa har sai ya yi ƙyalli. Haka aka koya mini, da shi nake ciyar da gida.

Akwai wani tsoho a Nahuce, aminin mahaifina, maharbi tun kafin a haife ni. Baba muke ce masa. Da ƙafa ta hana shi shiga daji, sai ya koma cika wa maharba harsashi. A lokacin sabon harsashi ya yi wuya, saboda haka wanda ya harba sai ya tsince kwansonsa ya kai wa Baba ya sake cika shi. Bindiga a daji a wancan zamani ta maharbi ce ko ta mai gadin gona. Mutum yakan ji ƙararta daga nesa ya ci gaba da nomansa.

Kwanso in an harba shi, gindinsa na tagulla yakan kumbura kaɗan. Ido ba ya gani, amma bindiga tana ji. Kafin a cika shi dole a mayar da shi daidai. Baba yana da wani guntun ƙarfe mai rami a tsakiya, bai fi dunƙulen hannu ba, wanda wani maƙerin Bungudu ya ƙera masa tun suna samari. Turmi yake kiransa. A dasa kwanso a ramin, a doka da gudumar itace, a turo shi ta baya, ya fito ya koma girmansa na da. Cikin ramin baƙi ƙirin ne, kuma akwai wani ɗan tudu a ciki kamar ƙwayar gero, wanda yake yi wa kowane kwanso tsaga guda a karkace, irin wadda ake yi wa yaro a kumatu. Maharba suka sa mata suna bille. Daga Bungudu har Tsafe, mutum in ya karɓi harsashi sai ya juya gindinsa ya duba. In da bille, aikin Baba ne, sai ya jefa aljihu bai ƙara tambaya ba.

Na sha zama ina kallonsa yana share turmin bayan ya gama aiki. Zai tsoma gashin zabo a kananzir ya zagaya cikin ramin a hankali, ya bi da farin ƙyalle, ya ɗiga man keke, ya sake goge man har ya kusa bushewa, sannan ya naɗe shi a fatar akuya. Duk tsawon wannan aiki ba ya magana. Ko sallama aka yi, hannu yake ɗagawa, sai ya ɗaure fatar ya amsa.

Wata rana na ce masa, “Baba, ka ba ni shi yini guda in fito maka da haskensa. Dubi cikinsa, kamar tukunyar gwauro.”

Ya ce, “Kai da haske. Wanga ba ƙafar keke na ba. Shafa shi ake yi, ba a kankare shi. Baƙin ga da ka gani, fatarsa ce.”

Sannan ya ƙara da cewa namun daji ma sun san billen. Wai manyan biran dutse, waɗanda muke kira bika, in maharbi ya bar kwanso a ƙasa sukan ɗauka su juya gindinsa su duba, kamar yadda mutane suke yi. Na sunkuyar da kai don kada ya ga ina murmushi.

Da yanar ido ta rufe masa gani, ɗansa ya ɗauke shi zuwa Kano a yi masa aiki. Cikin damina ne. Da yake na koyi cika harsashi a gabansa, ni ya damƙa wa turmin da sauran kayan, ya ce in riƙa sallamar mutanensa kafin ya dawo. Na kawo su rumfa na ɗora a kan katakon kusurwa. Na san kusurwar tana yoyo. Kullum nakan ce gobe zan sauya musu wuri.

Aka yi kwanaki ana ruwa. Sai ga saƙo daga taubashina, ɗan goggona, wanda yake noma a bayan Tsafe, cewa bika sun dame shi a gonar masara, ga kwansuna nan ya aiko da direba, ranar Juma’a zai zo karɓa. Na sauko da fatar. Tun kafin in kwance ta na ji warin ruɓa. Turmin ya yi ja, cikin ramin kamar an zuba garin barkono.

Yanzu na san da na jiƙa shi a kananzir na bi shi da gashin zabo, da mafi yawan tsatsar ta fita. Amma kunya ce ta kama ni, ba na so Baba ya buɗe sabon idonsa a kan sakacina. Na naɗa samfefa a kan sanda, na zura cikin ramin, na murza. Na sauya wata na sake murzawa. Jan ya fita, baƙin ya bi shi. Da na ɗaga shi sama, cikinsa yana walƙiya kamar sabon cokali, har na nuna wa mai shayin da ke kusa da ni.

Da na dasa kwanson farko, guduma ba ta sha wahala ba. Dukan wasa ɗaya ya shige, ya faɗo ta baya sumul. Na juya gindinsa. Babu bille. Na gwada wani, shi ma babu. Zuciyata ta gaya mini cewa abin da ya shiga cikin sauƙi haka ba a matse shi ba, na ce mata ai tsabta ce ta kawo sauƙin. Na cika su duka.

Ranar Juma’a bayan masallaci taubashina ya iso, da wasansa tun daga bakin titi.

“Ina bawan nan mai warin solishon faci? Ubangidanka ya zo, ba ka tashi ba?”

“Bawa ne ke zuwa gaida ubangiji,” na ce. “Ka taho da masarata, ko birai sun riga ni?”

“Su ma ’yan’uwanka na, ku raba.”

Na zube masa harsasan a tafin hannu. Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki wani. Dariyar ta ragu a fuskarsa.

“Ina billensu?”

Na ce, “Kai baƙauye, zamani ya sauya. Wa ka ga yana yi wa ’ya’yansa tsaga yanzu?”

Ya kwashe da dariya har da buga cinya, ya ce wallahi sai ya kai wa mutanen garinsu wannan magana. Ya zuba su a aljihu. Ya ce in biyo shi gobe in riƙe masa goran ruwa, in dawo da ɗanyar masara. Na amsa. Ina jin na amsa ne don in ga da idona cewa babu abin da zai faru.

Gonar tana gindin duwatsu, nesa da gari. Mun isa da hantsi, an yi ruwa da asuba, ƙasa tana tururi. Ɓarnar ta fi yadda ya faɗa. Bika ba ya cin zangarniya ya ƙare, gutsura yake yi sau ɗaya ya yar ya karya wata. Masara a zube ko’ina, kowace da shaidar haƙori. Abin da ya fara damuna shi ne shirun wurin. Gona a damina ba ta rasa kukan tsuntsu, amma nan ko kurciya babu. Sai ɗigar ruwa daga ganye.

Muna zagaya wani ƙaton dutse na hango ja-ja a cikin wata tsaga, daidai kafaɗata. Tsofaffin kwansuna ne, rana ta koɗar da su, an jera su a tsaye, gindinsu yana kallon sama. Na taɓa taubashina na nuna masa.

“Yara ne?”

“Wane yaro ka zuwa nan?” Bai ko juya ya kalle su ba. “Taho mu tahi.”

Ya karya bindigarsa don ɗuri, mai baki ɗaya ce, ya sa harsashi. Bai shige ba sai da ya danna da gindin tafin hannu. Ya dube ni, na dubi masara.

Ba mu daɗe a laɓe ba suka sauko. Suna da yawa, manya da ƙanana, wasu da ’ya’ya a manne a ciki. Wani ƙaton namiji mai furfura a wuya ya zauna a kan dutse yana gadi, sauran suka shiga gona. Taubashina ya ɗaga bindiga ya harba. Wata mace ta faɗi da zangarniya a hannu, ta yi shure-shure ta daina.

Abin da kowa ya sani shi ne, bika in ya ji bindiga yakan hau dutse ya ɓace, kuma in ya leƙo ya ga an sake ɗurawa, ba ya dawowa sai bayan kwanaki. Suka watse da ihu suka hau. Taubashina ya karya bindiga don ya fitar da kwanso. Kwanso ya ƙi fitowa. Ya sa farce, ya sa haƙori, ya zaro wuƙa yana ƙwaƙula. Tagullar ta kama bakin bindigar kamar tare aka ƙera su.

Na ɗaga kai. Ihun ya tsaya. Duk suna jere a bakin dutsen, ba mu suke kallo ba, hannunsa suke kallo. Ƙaton ya karkata kai gefe ɗaya, irin na dattijon da yake sauraron shari’a. Sannan ya fara saukowa. Sauran suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, babu mai kuka, babu mai gudu. Suna isa ƙasa sai su zauna a cikin masara, wasu ta dama, wasu ta hagu. Ina jin karyewar kara a bayanmu ma.

Taubashina ya yi magana ƙasa-ƙasa, bai daina ƙwaƙular ba. “Kada ka gudu. Kada ka dube shi cikin ido. Ja da baya sannu.” Muka ja taku kaɗan. Sai ya ce, “Mi kay yi wa turmin Baba?”

Na ce, “Na wanke shi.”

Wuƙar ta zame ta faɗi a ƙasa, ya sunkuya zai ɗauka, a nan ƙaton ya taso. Ban taɓa ganin abu mai nauyi ya yi sauri haka ba. Taubashina ya tare shi da bindigar a gicciye, ƙaton ya ture ta gefe kamar kara, ya kama hannunsa na dama tsakanin wuyan hannu da gwiwa. Na ji ƙarar. Ni kuwa goran ruwa ne a hannuna. Na jefa masa shi, na yi ta salati da ƙarfi daga inda nake tsaye.

Ba ni na kore shi ba. Shi ya saki don kansa. Ya tsaya a kan mutumin da ke kwance, ya dube ni sosai, jini yana ɗiga daga gemunsa. Sannan ya juya ya tafi wurin macen, ya ɗaga hannunta ya saki, ya sake ɗagawa. Ya ja ta zuwa dutse, sauran suka tashi suka bi shi, har suka shige ba wanda ya waiwayo.

Na yage rigata na ɗaure hannun, na goya shi har bakin hanya. Wata motar itace ta kai mu asibiti. A bayan motar yana ta kiran sunan Allah, wani lokaci ya tambaye ni ko an ɗauko bindigar. Ba a ɗauko ba. Da ƙannensa suka je nema washegari da mutanen gari, ba su same ta ba, masarar kuma babu wanda ya sake komawa kanta a shekarar.

An ceci hannun daga yankewa, amma jijiyoyin sun tsinke. Yatsun suka lanƙwashe zuwa cikin tafi, har yau ba su miƙe ba. Na gaya wa goggona abin da na yi tun yana kwance a gado. Ta saurare ni har na gama, ta ce in je in sayo masa lemu.

Baba ya dawo da ido ɗaya yana gani. Na kai masa turmin har Nahuce. Ya zura ɗan ƙaramin yatsansa a ramin, ya juya shi a hankali, ya daɗe yana juyawa. Ya miƙo mini, ya ce in tafi da shi, turmin ya mutu. Bai sake cika wa kowa harsashi ba.

Taubashina yana nan da ransa, mun tsufa tare. Ya koyi riƙe fartanya da hannu ɗaya, ya koyi alwala, ’ya’yansa sun girma sun karɓi noman. Abin da ya fi yi masa ciwo, kamar yadda ya taɓa gaya mini, shi ne cin abinci cikin mutane. A wurin suna ko ɗaurin aure, in ya sa hagu a kwano, wanda bai san shi ba sai ya janye hannunsa, wani har ya yi tsaki. Saboda haka duk taron da na ji zai je, nakan yi ƙoƙari in riga shi isa, in karɓi kwano ɗaya in kai mu gefe. Ni nake yanka masa nama ƙanana, in tura masa ta wajen hagunsa, mu ci.