Na Bi Layi Don Ganin Ɗana

Ranar Talata ce. Ƙarfe bakwai ɗana ya leƙo ɗakina, waya a kunnensa, ya ce, "Baba, an tashi lafiya?" Bai jira amsa ba. Ƙarfe takwas ya buɗe shagonsa na kayan gini. Tara da rabi aka sauke masa siminti. Sha ɗaya na isa.

Tun da aka zaɓe shi kansila, shekara shida ke nan, ɗana yake da ƙa'ida guda. Akwai benci a ƙofar shagon, duk mai koke ya zauna, wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Ba ya tsallake kowa, kuma don haka ake son sa. Ni ne na bakwai a ranar, bayan wata mata da ruwan kwata ya cinye mata katanga.

Mutum ɗaya ne ba ya bin layi, wato tsohon tela na shagon kusa. Lokacin da ɗana ya bar jami'a a aji biyu, na yi wata takwas ban yi masa magana ba. Telan ne ya ba shi kusurwar shagonsa ya fara sayar da ƙusa da fenti. Shi ma Baba yake ce masa.

Ƙarfe sha biyu telan ya wuce mu riƙe da kofi biyu na shayi.

"A'a, Malam! Kai ma ƙara ka kawo?"

"Ɗana na zo gani."

"Sai haƙuri, ɗan namu ya yi tsada."

Minti arba'in ina jin dariyarsu ta ƙofa. Ɗaya saura kwata na tashi, da saura mutum biyu a gabana. Ba wata babbar magana ce ta kai ni ba, sakamakon gwajin idona nake so ya gani.

Ƙarfe huɗu ɗana ya faɗi a bayan kanta. Telan ne ya riƙe kansa a mota har asibiti. Ni waya aka yi mini.

Ya rasu yana da shekara arba'in da huɗu. Ya gyara famfo goma sha ɗaya, ya sa aka yi wa makarantar unguwa rufi, ya bar mata da 'ya'ya uku.

Ƙaninsa ya ci gaba da shagon. Takardun majalisa an mayar musu. Tufafinsa matarsa ta raba. Agogon hannunsa ta miƙo mini, idonta a ƙasa, ta ce ya sha faɗin cewa na tela ne. Kwana tara yana cikin aljihuna. A na goma na kai masa da kaina. Ya ɗaura, ya yi masa yawa, sai ya ɗauki basilla ya ƙara huji a madaurin. Ina tsaye har ya gama.