Takardar da Na Ɓoye a Jinkar Rumbu

Ni ba mutumin kallo ba ne. Ko lokacin da gidajen kallo suka cika ƙauyukanmu ban taɓa leƙa ko ɗaya ba, don a ganina wanda ya yini a gona ya ga abin da ya ishe shi. Sai ga shi da furfurata wani fim na mutanen Iran, a cikin wayar da ba ta wuce tafin hannu ba, ya raba ni da aminin da muka shekara hamsin tare.

A zamanin soja ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu, kan hanyar Ɗambatta. Shekaru ne masu wuya, har gidajen da ake ganin rufin asiri sai da suka koma cin tafasa da ƙuli. Gonakinmu ƙanana ne, ba ma hutar da su, in babu taki ko irinka ba za ka mayar ba. Takin zamanin da aka ce na manoma ne kuwa, yau za a sauke shi, ranar kasuwa ka gan shi a rumfunan 'yan kasuwa. Ni da rawar kan ƙuruciya na rubuta takardar koke na aika birni ba suna. Kwafinta na biyu, mai rubutun hannuna da dangwalen manoma, na naɗe ta a leda na cusa a jinkar rumbun gerona ranar da muke baibaye ta. Aminina ne ya riƙe mini tsani.

Daga cikin aji aka ɗauke ni, da alli a hannuna. Wata bakwai na yi a wani ɗaki a birni, ba alƙali ba shari'a. Kunnena na hagu a can na baro shi, aikin koyarwa ma haka.

Da na dawo na tarar aminina ya kira gayya an nome mini gona, an girbe, an ɗaure dammuna an zuba a rumbu. Ban ji kunyar yin kuka a gabansa ba. Da shekara ta zagayo aka sa shi cikin masu rabon taki, na fi kowa murna, ina cewa alheri danƙo ne. Wauta dai ba sai da ƙaho ba.

Zargin tona mini asiri kuwa a kan wani dattijo na ɗora shi, mai kai wa dagaci saƙo. Mutum ne mai yawan surutu, ga shiga sharo ba shanu, sai na ce shi ne. Na daina gaishe shi. In ya miƙo hannu a masallaci sai in gyara hula. Sau biyu yana tare ni a hanya yana cewa, "Malam, me na yi maka?" ina wucewa. Ranar da aka yi jana'izarsa na saɓa fartanya na tafi gona, kowa yana gani.

Bara waccan Allah ya kira aminina aikin Hajji. A wajenmu mai tafiya Makka yakan bi gida gida yana neman gafara, kuma ba a tambayarsa ta mece ce, sai dai a ce an yafe. Ya zo mini da hantsi tare da dattawa biyu, ya durƙusa a zaure duk da ciwon gwiwarsa.

"Malam, zan tafi sauke farali. Abin da na yi maka, wanda ka sani da wanda ba ka sani ba, ka yafe mini."

Na yi dariya. "Kai me ka taɓa yi mini in ban da alheri? Na yafe, duniya da lahira."

Ya juya wajen dattawan ya ce, "To, kun dai ji." Gumi yana bin wuyansa, na ɗauka tsoron Allah ne.

Yana can ƙasa mai tsarki autata, mai karatun malanta a Bici, ta zo hutu. Wata rana bayan La'asar na same ta a gindin darbejiya ta ƙura wa waya ido. Na ce, "Ke kuma karatun ke nan?" Ta ce, "Baba, zauna ka gani, irin labarinka ne." Na zauna don in samu abin yi mata faɗa.

Labarin wani tela ne da hukuma ta ɗaure saboda wasu takardu, ya fito yana neman wanda ya ba da shi don ya rama. Ba na jin yarensu, ita take karanta fassarar da ke fitowa a ƙasan hoton tana gaya mini. Amma wurin da ya kama ni bai buƙaci fassara ba. Aka nuna ranar da jami'ai suka shiga shagonsa. Ba su taɓa tarin yadi ba, ba su buɗe akwati ba. Ɗaya ya taka kai tsaye zuwa keken ɗinki, ya sa hannu a ƙarƙashi ya zaro takardun, kamar shi ya ajiye.

Na tashi na bar ta da wayarta, na sami mahaifiyarta tana tankaɗe. Na ce, "Ranar da suka zo gidan nan, sun yi bincike?"

Ta ce, "Wane bincike? Ko tabarma ba su ɗaga ba. Rumbun gero suka nufa, ɗaya ya hau ya sa hannu a jinka. Ai na gaya maka tun lokacin."

Ta gaya mini, gaskiya ne. Na ji, amma a ranar idona yana kan dammunan da aka cika mini rumbu da su. Rumbuna uku ne a gidan. Dattijon da na zarga bai taɓa wuce zaurena ba. Wanda ya riƙe mini tsani ne kaɗai ya san wurin.

Kwana ashirin na yi ina dafuwa kafin alhazai su dawo. Abin da ya fi ci mini rai ba wata bakwai ɗin ba ne, ba kunnen ba ne. Tuwon da muka ci da aminina a kwano ɗaya ne shekara da shekaru, yana kallon ina juya masa kunnen dama don in ji shi. Na shirya maganganu iri iri. Ba duka nake so ba, ba kotu ba. So nake ya faɗi abin da bakinsa, ya kira shi da sunansa, sa'an nan ni in zaɓa ko in yafe ko in riƙe.

Na bari 'yan sannu da zuwa suka ragu, na je gidansa da safe. Ya sa aka kawo mini dabino da zamzam a ɗan kofi. Na ce, "Alhaji, wa ya gaya musu takardar tana jinka?"

Bai firgita ba, abin da ya ƙara ƙona ni ke nan. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "Malam, lokacin kowa ta kansa yake. Ni ma an matsa mini."

"Da rabon taki aka matsa maka?"

"Maganar nan ta wuce. Ai ka yafe. Gaban mutum biyu ka ce duniya da lahira."

Ashe abin da ya kawo dattawan ke nan. Ya san ba a tambayar maniyyaci, ya bi ta wannan ƙofa ya ɗauke abu ɗaya da ya rage mini a kansa. Telan fim ɗin ko ba komai hakkinsa yana hannunsa. Ni nawa na miƙa ina dariya. Na ajiye kofin ban sha ba, na sa takalmina.

Ban koma gida ba. Na nufi gidan marigayi dattijon nan da na zarga, na yi sallama da babban ɗansa, wanda shi ma yanzu ya fara furfura. Na durƙusa na lissafa masa komai ɗaya bayan ɗaya: zargin, hannun da na ƙi karɓa, fartanyar ranar jana'iza. Na ce ya yafe mini.

Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Malam, tashi, ƙasa da sanyi. Ni ba ka yi mini komai ba. Wanda ka yi wa ya tare ka sau biyu lokacin yana da rai, ka wuce shi."