Perlita da Akwatin Rabon Ruwa

A ƙauyen Kamisawa, idan damina ta yi gardama, da turaren tsinke ake raba ruwan tafki. Ana kunna tsinke a cikin wani akwatin katako, a saki ruwa zuwa gonar mutum. Tsinken na cinyewa sai a buga ganga, a toshe, a juya wa na gaba. Wadda ke riƙe da akwatin yanzu ita ce Perlita Shiozaki, mai shekara hamsin da shida, haifaffiyar wani ƙauyen masunta a ƙasar Filifin.

Aure ne ya kawo ta Japan tana da shekara ashirin da huɗu. Mijinta direban babbar mota ne, yakan yi mako a hanya, don haka gonar shinkafa ta dawo wuyanta. Surukinta, Baba Genzo, shi ne mai rabon ruwa a lokacin. Da idonsa ya fara rauni, ita ke jan sa a bakin magudanai. Shekara goma sha tara tana ɗaukar masa akwati, tana faɗa masa abin da ta gani, yana faɗa mata abin da za a yi. Ta daɗe da karɓar takardar zama 'yar ƙasa. Duk da haka "amaryar Filifin" ake ce mata, har bayan ta aurar da 'yarta.

Baba Genzo ya rasu da sanyi. Daminar da ta biyo baya aka yi kwana arba'in ba ko yayyafi, gidaje ashirin da bakwai na ƙauyen suka zauna zaɓen magajinsa. Dokar tsohuwa ce: sai haifaffen Kamisawa. Perlita ta ɗaga hannu ta ce za ta iya.

Iya Fusae ce ta amsa mata, tsohuwa mai shekara tamanin da uku, wadda gonarta ce ta ƙarshe a gangare. "Amarya, ba ƙin ki muke yi ba. Ruwan nan na kakanninmu ne, ke kuwa ba a nan aka yanke miki cibiya ba."

Aka ba Norihiko Miyatake akwatin. A ƙauyen aka haife shi, amma shekara arba'in ya yi yana aikin ofis a Tokyo kafin ya dawo. Mutum ne mai son adalci. Ya sayo sabon turare, ya gwada tsawon kowane tsinke don kada wani ya ɗara wani. Yana buɗe ƙofar tafki, yana kunna tsinke.

A nan matsalar take. Gonakin da ke kusa da tafki nan da nan ruwa ke isa gare su. Na gangare kuwa sai ruwan ya bi doguwar magudana busasshiya, tana shan rabonta a hanya. Kafin ya iso, tsinke ya zama toka, an buga ganga. Sau biyu Perlita ta je ta gaya masa cewa Baba Genzo ba ya kunna wuta sai ruwa ya shiga gona. Sau biyun ya rusuna ya gode mata, ya ce bai ga haka a rubuce ba.

Kwana tara da ba shi akwatin, da hantsi, Iya Fusae ta sami Perlita a lambun kokwamba, ta ajiye mata wani ɓangaren busasshiyar laka a gaba, da shinkafa a jiki ta yi ruwan ƙasa.

"Ɗauko hularki."

"Ni, Iya? Ai ni baƙuwa ce, ko kin manta?"

"Ji mini mata da tsiya! Gonata na mutuwa ke kina ramuwa. Ki rama a hanya, mu tafi."

Kafin su kai tafki, masu gonakin gangare sun biyo su. Norihiko na zaune da akwati a cinya. Ya saurare su, sannan ya ce shi ba zai hana ba, amma doka ta ce sai haifaffen ƙauye.

"Na san a nan aka haife ka, Norihiko, ni na yi maka wankan farko," in ji Iya Fusae. "To, ɗebo haihuwar taka ka zuba wa shinkafata ta sha."

Aka fashe da dariya, har shi. Aka aika a kira sauran gidajen, aka yi zaɓe a tsaye a bakin tafkin. Hannu ashirin da uku suka tashi, ciki har da nasa. Aka soke dokar. Ya miƙe ya miƙa mata akwatin da hannu biyu.

Perlita ta karɓa. Ta sa aka ɗaura farin ƙyalle a kan gora aka kai gonar ƙarshe, ta ce kada a ɗaga sai ruwa ya shiga. Ta fara da gangare, ba da sama ba, don magudanar ta jiƙa gaba ɗaya, na baya su samu sauƙi. Ta tura maza biyu su liƙe wasu ramukan ƙaguwa uku da ke zurar da ruwa a jikin magudanar, ta faɗa musu inda suke ba tare da ta je ba. Sannan ta buɗe ƙofa, ta zauna da ashana a hannu.

Minti hamsin aka yi ana kallon gangare. Da farin ƙyallen ya tashi, ihun mutane ya sa tsuntsaye barin tafkin. Sai a lokacin ta kunna tsinke.

Ruwan sama bai sauka ba sai bayan wasu kwana goma sha shida. A kakar wannan shekarar, duk gidajen ashirin da bakwai sun girbe shinkafa, ba wanda ya rasa gonarsa. An sake zaɓenta ba hamayya. Norihiko ne ke buga mata ganga, kuma yana bin ta da littafi yana rubuta duk abin da ta ce, don a cewarsa na gaba kada ya yi irin wautarsa.