Bindigar da Ba Tamu Ba

Har in koma ga Allah ba zan manta da rana ta uku ta baje kolin makamai a Kuala Lumpur ba, lokacin da aka fara sassauta kullen korona. Ku da kuka shigo aikin nan jiya-jiya, ku kife wayoyinku ku saurara.

Na bar soja ina Waran Ofisa mai kula da ma'ajiyar makamai. Daga nan wani kamfanin ƙera ƙananan bindigogi ya ɗauke ni, aikina in tabbatar duk abin da ke kan teburin rumfarmu ba zai tashi ba. Lokacin da na fara zuwa irin wannan taro, kati kawai kake nunawa ka shige, ka tarar da mutum da sigari a baki yana jujjuya bindiga. Daga baya aka kafa na'urar binciken jiki a ƙofa. Aka ce kowace bindiga a cire mata allurar da ke dukan harsashi, masu tsaron zauren su duba, su manna mata koriyar sitika. Ka ga sitika, ka san ƙarfe ne kawai. Shi ya sa baƙo ke ɗauka, ya saita, ya ja kunama ya ji taushinta. Kowa na ja, abin da ya kawo su ke nan.

Sai korona ta zo da nata. Takunkumi, awon zafin jiki, nuna waya a ƙofa, ba da tazara. Masu gadin ƙofa suka koma kallon goshin mutum, suka rage kallon ƙugunsa. Kuma duk bindigar da baƙo ya taɓa, sai an goge ta da sanitaiza kafin wani ya taɓa. Don wannan muka ɗauki Malama Rifkatu, malamar kwaleji daga Kafanchan da ke digirinta na uku a wata jami'a da ke unguwar Lembah Pantai a birnin, tana zaune da 'ya'yanta biyu. Mace ce mai aiki tsakani da Allah, ba ta tsallake ko ɗaya. To ashe sanitaizar na cin sitika. Zuwa rana ta uku rabin bindigoginmu sun zama tsirara. Na gaya wa manajan rumfarmu, Encik Razali, ya ce, “Boleh lah, ba komai, gobe da safe za su sake mannawa.”

Bayan azahar wani babban baƙo daga waje ya iso da tawagarsa. Doka ta ce dogarai su ajiye makamansu a ƙofa, amma wa ke lalube dogarin babban mutum? Ina tsaye ina yi wa maigidan bayani, na hango ɗaya daga cikin dogaran a ƙarshen tebur yana gwada sabon kuben bindiga da muke tallatawa. Can maigidan ya juya, tawaga ta bi shi da sauri, dogarin ya suri abinsa ya bi baya. Malama Rifkatu ta tattara bindigogin da aka taɓa, ta goge, ta jera su yadda ta saba.

Ba a jima ba wani ɗan kasuwa ya tsaya, ƙaton mutum mai rigar batik mai zane-zane, ga yawan raha. Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Ina daga ɗaya gefen teburin, idona ya sauka a kanta. Ƙirarta irin tamu ce sak, amma bakinta ya koɗe, gefunan sun yi sheƙi irin na bindigar da ta shekara tana shiga kube tana fita. Namu sababbi ne fil daga kwali. Wallahi wannan ba tamu ba ce.

Kafin in buɗe baki ya ɗaga ta, ya saita ƙirjin Malama Rifkatu, ya ce da Turanci cikin wasa, “Madam, hannu sama!” Ita kuma ta yi dariya ta ɗaga tsumman gogewarta. Yatsansa na kan kunama. Irin wannan bindiga ba ta da makullin hana ta tashi da za a ce ya manta bai buɗe ba.

Na yi shekaru a daji, an harbe ni, na ga an harbi wasu, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. In na daka tsawa, ya razana, yatsa ya matse. In na yi tsalle, tebur na tsakaninmu, ga tsufa. Fuskarsa a rufe, ban san ko yana shirin ja ba ne ko yana jiran ta gama dariya. Kuma ni kaina ban tabbata da harsashi a cikinta ba. Gumi ya jiƙa min takunkumi, ina ta Innalillahi a zuci.

Ban san daga ina maganar ta zo min ba. Na ce a hankali, kamar mai ba da haƙuri, “Yallaɓai, ka yi haƙuri, wanda ya riƙe wannan yanzun nan tari yake ta yi, kuma ba a goge ta ba.”

Ai kuwa ya dire ta kan tebur kamar ya taɓa garwashi. Ya matse sanitaiza cike da tafi, ya ce rumfarmu ba ta da tsari, ya yi gaba yana mita.

Malama Rifkatu ta juyo da Hausa, ranta a ɓace. “Haba Baba Soja! Ni ce ban goge ba? A gaban baƙo za ka yi min wannan?”

Na ce, “Malama, don Allah matsa gefe.”

Na ɗauki bindigar zuwa bokitin yashin da muke ajiyewa bayan rumfa don zare harsashi, bakinta ƙasa. Na zare gidan harsashi, cike yake. Na ja kanta baya, harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan kafet, ya gangara har gaban takalmin Malama Rifkatu. Ta dube shi, ta dube ni, sai ta zauna daɓas a ƙasa tana kiran sunan Yesu. Encik Razali ya kira shugaban masu tsaron zauren. Muna nan sai ga dogarin a guje, ya jiƙe sharkaf, da matacciyar bindigarmu a ƙugunsa. Ashe tasa ya bari a teburinmu ya suri tamu, da ita yake ta gadin maigidansa. Aka tafi da shi ofis, mu kuma aka zura wa kowace bindigarmu igiyar roba ta cikin hanci, wadda sanitaiza ba ta ci.

Da yamma na raka Malama Rifkatu tashar jirgin ƙasa. Muna jira ta ce, “Baba Soja, me ya sa ba ka gaya masa gaskiya ba, cewa da harsashi a ciki?”

Na ce, “Da ya ja don ya nuna min babu.”

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Duk tsaron da aka ƙara wa wuraren nan, ya ƙara wa baƙo yarda cewa babu abin da zai tashi, kuma ba ka da lokacin canza masa ra'ayi. Don haka bindigar da ta bar idonka ko na ƙiftawa ɗaya, ba taka ba ce sai ka buɗe cikinta da hannunka. Malama Rifkatu ba ta dawo washegari ba, kuma ban kira na tambaye ta dalili ba.